Tambayi Likita: Shin gwajin furotin zai faɗa mana makomar sankarar mahaifa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyarmu tana da shekara 63, kuma ta fi shekara goma da daina al'ada, sai ga shi bara jini ya riƙa zuwar mata kaɗan-kaɗan. Da aka ɗebi naman cikin mahaifa aka gwada, aka ce sankara ce, aka yi mata tiyata a wani asibiti a nan Kano aka cire mahaifar gaba ɗaya. Likitanta ya ce ciwon bai fita daga mahaifa ba. To, ƙanena da ke karatun kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ya karanta cewa akwai wasu sinadaran furotin da ke hana ƙwayoyin sankara mutuwa, ya ambaci Bcl-2 da sabaibin, kuma wai idan aka auna yawansu a naman da aka cire za a san ko ciwon zai dawo. Wani ya ce zai iya aika mana naman ƙasar waje a auna, amma kuɗin da ya yanka mana suna da yawa, har wasu daga cikinmu sun fara maganar sayar da filin da Baba ya bari. Shin mu yi wannan gwaji? Daga wata mai karatu a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Kada ku sayar da filin saboda wannan gwaji. Abin da ƙaninki ya karanta ilimi ne na gaskiya, ba ƙage ba ne, amma ilimi ne da har yanzu yake hannun masu bincike, kuma babu wata babbar ƙungiyar likitocin sankarar mata da ta sa awon Bcl-2 ko sabaibin cikin abubuwan da ake dogara da su wajen yanke wa mai sankarar cikin mahaifa shawarar magani. Ko sakamakon ya dawo da yawa ko ya dawo kaɗan, likitan Hajiya ba zai ƙara mata magani ko ya rage ba a dalilinsa. Zan faɗi dalili dalla-dalla, domin iyalin da za su haƙura da wani gwaji sun cancanci su san abin da ya sa.

Jikin ɗan Adam ba ya zama lafiya sai ƙwayoyinsa suna mutuwa a kan kari. Kowace rana biliyoyin ƙwayoyi suna kashe kansu bisa wani tsari da aka halicce su da shi, ko don sun tsufa, ko don sun lalace, ko don aikinsu ya ƙare, sai maƙwabtansu su share gawar ba tare da kumburi ko ciwo ba. Wasu masana uku a Jami'ar Aberdeen ta Sikotland, Kerr da Wyllie da Currie, su ne suka yi cikakken bayanin wannan tsari a 1972, suka kira shi afoftosis. Daga baya aka gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi ta hanyar nazarin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, wadda daga cikin ƙwayoyi 1,090 da take samarwa lokacin girmanta, 131 dole su mutu, kuma wannan aiki ne ya sa aka ba Brenner da Horvitz da Sulston lambar yabo ta Nobel a 2002. Ita kanta shimfiɗar cikin mahaifa tana cikin sassan jiki da suka fi dogara da wannan tsari, domin duk wata tana kauri, sannan idan ciki bai shiga ba ƙwayoyinta su mutu ta zube a matsayin jinin al'ada.

A cikin kowace ƙwaya akwai furotin masu tura ta zuwa ga mutuwa, kamar Bax, akwai kuma masu riƙe ta, kamar Bcl-2 da Bcl-xL da Mcl-1, kuma wanda ya rinjaya shi ke yanke hukunci. An gano Bcl-2 a 1984 a cikin wata sankarar kaluluwa, kuma a 1988 masana a birnin Melbourne na Ostireliya suka nuna cewa ba ya sa ƙwaya ta hayayyafa, abin da yake yi shi ne hana ta mutuwa. Wannan ya canza fahimtar likitoci game da sankara, domin ya tabbatar da cewa ƙari yana iya taruwa ba don ƙwayoyi sun yi gaggawar ƙaruwa kaɗai ba, har ma don sun ƙi tafiya lokacin da ya kamata su tafi. Shi kuwa sabaibin, wanda a takardun bincike ake kuma rubuta shi BIRC5, an gano shi a Jami'ar Yale ta Amurka a 1997. Yana da yawa a jikin ɗan tayi, yana ƙaranci a yawancin sassan jikin baligi, sannan ya sake bayyana da yawa a cikin nau'o'in sankara masu yawa. Tun da maganin sankara na ƙarin ruwa da gashin haske duk suna aiki ne ta hanyar tilasta wa ƙwaya ta kashe kanta, hankali zai ba mutum cewa ƙarin da ya cika da masu hana mutuwa shi zai fi taurin kai. Wannan shi ne tunanin da ƙaninki ya bi, kuma shi ne tunanin da masu bincike suka fara da shi.

Sai dai mahaifa ba ta bi wannan lissafi yadda aka zata ba, kuma a nan nake so ku tsaya ku lura sosai. A mahaifar mace mai lafiya, sinadarin jikin mata da ake kira istirojin shi ke ɗaga Bcl-2: yana yawa a rabin farko na wata lokacin da shimfiɗar ke kauri, sannan ya ragu idan al'ada ta gabato. Da aka duba naman masu sankara, bincike da dama sun tarar cewa ƙarin da yake da Bcl-2 mai yawa galibi shi ne mai sauƙin hali, wanda ƙwayoyinsa ke kama da na mahaifar asali kuma suke sauraron istirojin, yayin da ƙarin da ya fi muni, wanda ya nutsa cikin tsokar mahaifa ko ya bazu, sau da yawa ya riga ya rasa shi. Wato furotin da aikinsa shi ne hana ƙwayar ciwo mutuwa, ganinsa a wannan sankara ya fi karkata ga zama albishir. An ga irin haka a sankarar mama ma. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, Bcl-2 a nan shaida ce kawai ta cewa ƙarin bai yi nisa da asalinsa ba, kuma ƙarin da ya yi nisa ya samo wasu hanyoyin tsira, kamar lalacewar p53, wato furotin da ke umartar lalatacciyar ƙwaya ta mutu, ba ya buƙatarsa. Da za a aiko muku da takarda a ce Bcl-2 ya yi yawa a naman Hajiya, mai yiwuwa hankalinku ya tashi a kan abin da bai kamata ya tayar da shi ba.

Labarin sabaibin ya fi bin abin da aka zata, domin bincike da yawa sun danganta yawansa da ƙari mai tsanani da gajeren lokaci kafin ciwo ya dawo. Amma akwai wasu binciken da ba su ga wannan alaƙa ba, kuma dalilan saɓanin sanannu ne. Yawancin binciken an yi su ne a kan mata kaɗan, daga tsofaffin samfuran asibiti guda, bayan an riga an san abin da ya faru da kowace. Shi kuma awon, rini ne ake zuba wa siririn yankin nama a kan gilashi, inda furotin ɗin yake sai ya yi ruwan ƙasa, likitan da ke nazarin naman jiki ya duba a madubin ƙara girma ya kimanta yawansa. Duk wanda ya taɓa kai yadi marinar Ƙofar Mata ya san cewa duhun shuɗi ya danganta da ƙarfin baba da daɗewar tsomi da hannun marini, to haka wannan rini yake: kamfanin da ya haɗa shi, da tsawon lokacin da naman ya yi a ruwan fomalin mai hana shi ruɓewa, da iyakar da kowane ɗakin gwaji ya ɗauka a matsayin "mai yawa", duk suna canza sakamako. Wasu suna ƙirga rinin da ya kama tsakiyar ƙwaya, wasu na gefenta. Sannan akwai tambaya mafi nauyi da kowace sabuwar alama dole ta amsa: shin ta faɗi wani abu da matakin ciwo da nau'insa ba su riga sun faɗa ba? Sau da yawa idan aka sa waɗannan cikin lissafi, sai ƙarfin alamar ya ragu ko ya ɓace.

Ina ganin ya dace in ƙara wata magana a kan shi kansa hasashen. Idan likita ya ce wata alama tana nuna makoma, yana nufin an bi ɗaruruwan mata ko dubbai, aka ga masu alamar sun fi samun dawowar ciwo fiye da marasa ita. Wannan yana taimaka masa ya san wadda zai ƙara wa gashin haske bayan tiyata da wadda zai hutar da ita daga wahalarsa. Ba ya faɗin abin da zai sami mace guda, kuma wanda duk ya yi muku alƙawarin cewa takardar gwaji za ta ce ciwon Hajiya zai dawo ko ba zai dawo ba, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin ilimin.

Abin da ya kamata ku nema yana kusa da ku, wato takardar sakamakon naman da aka cire a tiyata. Ku roƙi likitanta ya zauna da ku ya karanta muku ita. Ku tambayi nau'in ƙarin, ko endometiroyid ne, wanda shi ya fi yawa kuma ya fi sauƙi, ko siros da makamantansa masu saurin bazuwa. Wannan rabo gida biyu wani likitan Rasha mai suna Bokhman ne ya fito da shi a 1983, kuma har yau yana da amfani duk da an wuce shi. Ku tambayi darajarsa, daga 1 zuwa 3. Ku tambayi zurfin da ya yi cikin tsokar mahaifa, ko ya kai rabi ko bai kai ba, da ko an ga ƙwayoyinsa a cikin ƙananan hanyoyin jini da na ruwan jiki, da ko ya taɓa bakin mahaifa ko ƙullutun kaluluwa. Waɗannan su ne ginshiƙan da aka daɗe ana gwadawa a kan mata masu ɗimbin yawa. Maganar likitanta cewa ciwon bai fita daga mahaifa ba magana ce mai daɗi, domin a ƙididdigar Amurka kusan mata 95 cikin 100 da aka gano nasu a wannan hali suna raye bayan shekara 5.

Idan kuma akwai kuɗin da za a kashe a kan ƙarin gwaji, akwai waɗanda suka cancanta. A 2013 wani babban aikin nazarin ƙwayoyin gadon sankara a Amurka ya raba sankarar cikin mahaifa gida huɗu, kuma a 2023 Ƙungiyar Likitocin Mata da Haihuwa ta Duniya, FIGO, ta shigar da wannan rabo cikin sabon tsarinta na matakan ciwon. Ƙarin da ke da canji a ƙwayar gado ta POLE yana da kyakkyawar makoma ko da a madubi ya yi kama da mugu. Wanda p53 ɗinsa ya lalace shi ya fi haɗari, kuma yakan buƙaci ƙarin magani bayan tiyata. Akwai wanda ya rasa furotin huɗun da ke gyaran kurakuran gado, waɗanda ake kira MMR, sai na huɗu wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gwajin p53 da na MMR da irin wancan rinin ake yin su, amma su an daidaita yadda ake karanta su, kuma sakamakonsu yana canza magani. Na MMR yana da wani amfani da ya shafe ku 'ya'yanta kai tsaye, domin kusan 3 cikin 100 na masu wannan sankara suna ɗauke da wani lahanin gado da ake kira ciwon Lynch, wanda ke ƙara haɗarin sankarar hanji da ta mahaifa a cikin dangi. Ku tambayi likitanta ko yana ganin Hajiya na buƙatar su, da kuma ko sashen nazarin nama na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani ɗakin gwaji da ya amince da shi zai iya yi. Naman tiyata da ɗakin gwaji ya daskarar cikin kaki yana shekaru bai lalace ba, saboda haka ku tabbata an adana shi, kuma kada ku miƙa shi ga wanda ba likitanta ne ya haɗa ku da shi ba.

Sauran kuɗin ku tanade su domin zuwa asibiti a kan lokaci. Mafi yawan dawowar wannan ciwo tana faruwa ne cikin shekara 3 na farko, shi ya sa ake son ganin mai jinya duk bayan wata 3 zuwa 6 a wannan tsakani. Idan Hajiya ta ga jini, ko ciwon mara da ya ƙi tafiya, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko tari mai naci, ko rama ba dalili, kada a jira ranar da aka rubuta mata. Idan tana da ciwon suga ko hawan jini, kula da su yana cikin jinyar, domin mata da yawa da suka warke daga wannan sankara ciwon zuciya ne ke zame musu barazana daga baya. Ku gaishe min da ƙaninki, ku ce masa ya ci gaba da karatun nan. Yawancin abin da aka sani game da waɗannan furotin daga naman matan Turai da Amurka da Asiya aka samo shi, alhali a Amurka an tabbatar cewa baƙaƙen mata sun fi kamuwa da nau'in siros kuma mutuwarsu daga wannan ciwo ta kusa ninka ta fararen mata. Muna buƙatar masu irin karatunsa su yi wannan bincike a kan matanmu.

Tambaya: Likita, ni ma'aikacin jinya ne. Na ji cewa akwai maganin da ke toshe Bcl-2. Me ya sa ba a ba masu sankarar mahaifa? Daga wani mai karatu a Tarauni.

Amsa: Gaskiya ne, malam, sunansa venetoclax, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016 domin wani nau'in sankarar jini. A can ya yi aiki ƙwarai, saboda ƙwayoyin wannan sankarar sun rataya rayuwarsu a kan Bcl-2 kusan shi kaɗai, da an toshe shi sai su mutu. Ƙarin da ke cikin gaɓoɓi kamar mahaifa da mama ba haka yake ba, domin idan aka toshe ɗaya sai ya koma kan Mcl-1 ko Bcl-xL. Toshe waɗannan kuwa yana da tsada ga jiki: ƙwayoyin da ke daskarar da jini suna rayuwa ne da Bcl-xL, shi ya sa maganin da ya taɓa shi yake rage su, tsokar zuciya kuma tana buƙatar Mcl-1. Magungunan da aka ƙera domin sabaibin an gwada su a kan mutane, amma babu wanda ya kai ga samun amincewa. Saboda haka venetoclax ba maganin sankarar mahaifa ba ne, kuma sayen sa domin wannan ciwo ɓarnar dukiya ce da jefa majiyyaciya cikin haɗari. Inda aka sami ci gaba na gaske shi ne magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab da dostarlimab, waɗanda suka fi tasiri a kan ƙarin da ya rasa MMR idan ciwo ya yi nisa ko ya dawo. Suna da tsada matuƙa, kuma ba a fara su sai da gwaji da kulawar likitan sankara.

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayata tana da shekara 56, ta yi shekara 4 ba ta ga al'ada ba, sai watan jiya ta ga ɗan jini sau biyu ya ɗauke. Ƙawayenta sun ce al'ada ce ta dawo, wasu suka ce basir ne. Tana da ƙiba da ciwon suga. Tana jin nauyin zuwa asibiti. Daga wata mai karatu a Yakasai.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ki raka Yaya asibiti cikin makon nan, kuma idan nauyin da take ji na likita namiji ne, ku nemi mace, akwai su a sassan mata na manyan asibitocin Kano. Al'adar da ta ɗauke shekara guda cur a wannan shekaru ba ta dawowa, kuma duk jinin da aka gani bayan haka, ko ɗigo ne, ko sau ɗaya ne, sai an bincika. Kada wannan ya firgita ku, domin daga cikin mata 10 da ke zuwa da irin wannan jini, kusan 1 ce kawai ake samu da sankara, sauran galibi sirancewar fata ce saboda ƙarancin istirojin, ko ɗan tsiro mara illa. Amma kuma kusan 9 cikin 10 na masu sankarar cikin mahaifa da jini ciwon ya fara sanar da kansa, kuma wannan sanarwa da wuri ita ce dalilin da ya sa ake warkar da yawancinsu da tiyata kaɗai. Ƙiba da ciwon suga suna ƙara haɗarin, saboda kitse yana sarrafa istirojin ko bayan ƙwayayen mace sun daina aiki, shi kuma yana sa shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri babu mai taka mata burki. Rashin haihuwa, da jinkirin ɗaukewar al'ada, da shan tamoxifen domin sankarar mama, su ma suna cikin abubuwan da likita zai tambaya.

Za a duba bakin mahaifa tukuna, tun da sankararsa ta fi ta cikin mahaifa yawa a Najeriya kuma ita ma tana zuwa da jini. Sannan a yi hoton sikanin ta gaba a auna kaurin shimfiɗar. Idan ya wuce milimita 4, ko jinin ya sake zuwa, sai a ɗebi ɗan nama da siririn bututu, aikin da ba ya wuce 'yan mintuna. Idan aka ba ku naman a kwalba ku kai ɗakin gwaji, ku tabbata ruwan fomalin ya rufe shi, ku kai shi a ranar, ku kuma koma da kanku ku karɓi sakamakon ku kai wa likitan da ya aike ku.